Tallafi, Nauyin Kai da Alhakin Kamfanoni: Wa Ake Tuhuma, Wa Ake Ƙyalewa?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin karɓar mulkinsa cewa tallafin man fetur ya ƙare, da wuya a sami muhawarar da ta mamaye majalisun hira na birnin Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, kamar muhawarar wanda ya kamata a ɗora wa alhakin halin da talaka yake ciki. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce naira 1,000 kafin shekarar 2024 ta ƙare. Dalar Amurka da gwamnati take sayarwa a kan kimanin naira 460 ta wuce 1,500 bayan an sakar wa kasuwa mara. Mafi ƙarancin albashi kuwa, da aka ɗaga daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, ya zo ne a lokacin da buhun shinkafa ya riga ya zarce wannan adadi a kasuwanni da dama. Tun kafin haka ma, a Nuwamban 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

Masu wannan muhawara sukan kasu gida uku, ko da yake mutum ɗaya yakan sauya gida gwargwadon jam'iyyar da take mulki. Akwai masu cewa ciyar da mabuƙaci da rage masa raɗaɗi wajibi ne a kan hukuma, tunda dukiyar ƙasa a hannunta take. Akwai masu cewa mutanenmu ne suka kashe zuciyarsu, matashi ya gwammace zaman kashe wando da bin motar ɗan siyasa a kan ya durƙusa ya koyi sana'a, magidanci kuma ya tara iyalin da ba zai iya ɗaukar nauyinsu ba sannan ya zo yana kuka da gwamnati. Gida na uku, wanda muryarsa ta fi rauni a nan Arewa, yana tambayar inda manyan kamfanoni da bankuna da 'yan kwangila suka shige a cikin lissafin, alhali su ne suke sanya farashi, su ne suke ɗaukar ma'aikata ko su sallame su, su ne kuma suka fi kowa cin moriyar baitulmali. Kowane gida yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Inda nake ganin muhawarar ta karkace shi ne wajen awo: ana bin bahasin talaka da tsanani a kan 'yan dubban nairori, ana sassauta wa wanda ya riƙe biliyoyi, alhali kamata ya yi nauyin da ake ɗora wa kowa ya zo daidai da iko da zaɓin da yake da su.

Ya kamata a fara da abin da doka ta ce, domin mutane da yawa suna ɗaukar tallafi a matsayin alfarmar da shugaba yake yi idan ya ga dama. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya bayyana tsaron jama'a da jin daɗinsu a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 16 kuma ya umarci hukuma da ta karkata manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da isasshen abinci da albashin da zai riƙe shi, da kula da tsofaffi da marasa lafiya da marasa aikin yi da masu buƙata ta musamman. Sai dai sashe na 6 na wannan kundi ya hana kotuna sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika waɗannan alkawura ko ba ta cika ba. Sakamakon haka shi ne, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a Kaita ko Sandamu tana da haƙƙi a rubuce, amma ba ta da alƙalin da za ta kai wa kuka. Abin da ba za a iya nema a kotu ba dole a neme shi a ƙofar gidan kansila ko ɗan majalisa, shi kuma idan zai bayar sai ya buga hoton fuskarsa a jikin buhu, kuma daga wannan giɓi ne siyasar rabon shinkafa da taliya ta sami gindin zama.

Masu cewa tallafi baƙon abu ne da ya lalata mana tarbiyya ba su yi wa tarihi adalci ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da hanyoyin riƙe wanda ya gaza: gandu yana haɗa uba da 'ya'yansa a gona ɗaya da rumbu ɗaya, gayya tana hana gonar wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina ta zama saura, zakkar hatsi tana fita tun da kaka, mai gari da attajiri kuma an san aikinsu ne su buɗe rumbu idan yunwa ta shigo. Michael Watts, masanin da ya yi bincike a Kaita a shekarun 1970, ya nuna yadda harajin Turawa da ake biya da kuɗi, tare da karkatar da manomi ga noman gyaɗa da auduga, suka raunana wannan tsari, har ta kai ana karɓar haraji a tsakiyar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Siyasar jam'iyyun NEPU da PRP a kan wannan miki ta ginu, kuma a 1979, lokacin da Katsina da Daura suke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Tsohon tsarin ya rushe, sabon da tsarin mulki ya yi alkawari bai kafu ba, mu kuma a tsakaninsu muke zaune muna gardama.

Duk da haka, hujjar masu kiran kowa ya ɗauki nauyin kansa ba ta yarwa ba ce, kuma wanda ya yi watsi da ita don kawai ta fito daga bakin mai hali bai kyauta ba. Addininmu ya fifita hannun da yake bayarwa a kan wanda yake karɓa, ya kuma nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙo. Kowa a Katsina ya san labarin keken ɗinki ko injin markaɗen da aka raba a wurin taro da safe, aka gan shi a kasuwa da yamma an karya masa farashi. Babban misali shi ne shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Babban Bankin Nijeriya ya bayyana a farkon 2023 cewa ya fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya, amma kimanin rabin abin da lokacin biyansa ya yi ne kawai ya dawo. Ambaliya da rashin tsaro sun taka rawa, an kuma sami 'yan birnin da ba su taɓa riƙe fartanya ba a cikin jerin manoma, amma ba za a ɓoye ba cewa da yawa sun karɓi kayan da kuɗin ne da niyyar rabonsu ne na arzikin ƙasa. Wanda ya ƙi biya alhali yana da hali ya rufe ƙofa ne ga manomin da zai zo bayansa, kuma babu dalilin da zai sa a nema masa uzuri.

Tambayar da ake tsallakewa ita ce, wane irin zaɓi ne yake gaban mutumin da ake cewa ya tashi ya nema? A shekarar 1967 wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta bi diddigin gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya, ta kuma fito da bayanin da har yau bai tsufa ba, cewa akwai mutanen da talauci ne da kansa yake hana su noma. Rumbun talaka yakan ƙare tun kafin ruwa ya sauka, saboda haka a daidai makonnin da gonarsa take buƙatar noman farko da maimai dole ya tafi ƙwadago a gonar mai hali domin ya samo awon ranar. Ciyawa ta cinye tasa gonar, ba shi da takin da zai zuba, amfanin ya zo kaɗan, ya sayar da shi da kaka lokacin da farashi ya faɗi domin ya biya bashi, sannan ya dawo kasuwa da bazara ya sayi irin hatsin da ya sayar a kan ninkin kuɗinsa. Wannan mutum ya fi mai gonar da yake yi wa aiki shan rana, kuma kowace shawara da ya yanke ita ce mafi hankali a halin da yake ciki, amma jimillarsu ita ce ya wayi gari baɗi inda yake bara ko ƙasa da nan. Abin da zai fitar da shi ba wa'azin ƙwazo ba ne, abincin wata biyu ne ko kuɗinsa, wanda zai iso hannunsa a watan Yuni, ya tsaya a gonarsa. Idan tallafin ya zo a watan Disamba, ko gab da zaɓe, ya zama sadaka kawai.

A kan wannan tsohon tarko aka ƙara sabo. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Jibiya, 'yan bindiga sun raba dubban mutane da gonakinsu, sun sanya wa wasu haraji kafin shuka ko girbi, sun tilasta wa wasu sayar da shanun huɗa da filaye domin biyan kuɗin fansa. Da yawa daga cikin matan da ake gani suna bara a bakin titunan birnin Katsina daga gidajen rufin asiri suka fito, gidajen da su ne suke fitar da zakka shekaru goma da suka wuce. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Waɗanda suka tsira ma ba su tsira duka ba, domin yunwar shekaru biyun farko tana taɓa girman jiki da ƙwaƙwalwa, ta yadda yaron da ba a ciyar ba yau shi ne matashin da za a zarga da rashin ƙoƙari nan da shekara ashirin. Tsaro kuwa ba ya cikin abin da za a ce mutum ya ɗauki nauyinsa da kansa.

Tsoron da aka fi ambata shi ne cewa idan aka saba ba mutane kuɗi za su daina aiki, ko su kashe su a shaye-shaye da ƙarin aure. An gwada wannan zato a ƙasashe da dama. A 2017 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee wanda ya sami lambar Nobel a 2019, sun sake nazarin gwaje-gwaje bakwai na ba talakawa kuɗi a ƙasashe shida masu tasowa, ba su kuma sami shaidar cewa kuɗin yana rage aiki ba. Wani nazari na masana Bankin Duniya a 2014 ya nuna cewa kashe kuɗi a kan giya da taba ba ya ƙaruwa. Meziko a 1997 da Brazil a 2003 sun gina shirye-shiryensu a kan sharaɗi, wato uwa ta karɓi kuɗi muddin 'ya'yanta suna zuwa makaranta da asibiti, wanda hakan ya nuna cewa tallafi da ɗaukar nauyin kai suna iya zama a tsari ɗaya.

Matsalar tamu a wajen masu rabon take. Shirin da gwamnatin Buhari ta fara a 2016 ya ƙunshi naira 5,000 a wata ga gidajen da suka fi talauci, wanda daga baya aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido, da naira 30,000 ga matasan N-Power, da ciyar da 'yan firamare, da kuma naira 10,000 ta TraderMoni da aka riƙa rabawa a kasuwanni a 2018, gab da zaɓe, abin da ya sa 'yan adawa suka kira shi sayen ƙuri'a. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni suke cikinta, ta ce ba ta amince da rajistar talakawan da aka gada ba. A Oktoba aka ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, a kan umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, shirin ya tsaya cik na tsawon lokaci. Naira 25,000 a farashin naira 1,000 lita 25 ce ta mai, wadda ɗan acaɓa zai ƙone cikin 'yan kwanaki. Tallafin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a san dalilin da ya sa wane ya samu wane bai samu ba, shi ne yake koya wa mutane zaman jira da fadanci, domin babu wanda zai iya gina sana'a a kan abin da ba shi da tabbas. Ke nan mutuwar zuciyar da ake kuka da ita, wani ɓangare nata tsarin rabon ne ya haife ta.

Yanzu sai a juya ga ɗaya gefen baitulmalin, inda ake fitar da kuɗin da suka ninka waɗannan ba tare da kowa ya yi wa masu karɓa wa'azin dogaro da kai ba. A 2009 Babban Banki ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi ya zuba naira biliyan 620 domin ceto bankunan da rancen da ba a biya ba ya kusa durƙusar da su, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON domin ta saye waɗannan basussuka ta bi su. Ceton yana da hujja, domin da bankunan sun rushe da ajiyar ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata ta tafi da su. Amma shekaru da dama bayan haka hukumar da kanta ta bayyana cewa tana bin fiye da naira tiriliyan huɗu, kuma masu bashi kimanin 350 ne suke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin. Abin da waɗannan 'yan ɗaruruwa suka riƙe ya ninka duk abin da aka ba miliyoyin manoman Anchor Borrowers, sai dai su suna da manyan lauyoyin da za su ja shari'a daga wannan kotu zuwa waccan har shekara goma, manomin Bakori kuwa ba shi da su.

Haka labarin tallafin man fetur ɗin kansa yake. A 2011 an ware naira biliyan 245 a kasafi, amma kwamitin Majalisar Wakilai da ya yi bincike a 2012 ya gano an kashe kimanin naira tiriliyan biyu da rabi, kamfanonin da suke shigo da mai sun kai 140, wasu kuma an biya su kuɗin man da bai taɓa sauka a gaɓar Nijeriya ba. Shugaban kwamitin, Farouk Lawan, ya tafi gidan yari a kan karɓar cin hancin dala 500,000, wanda hakan daidai ne, amma kaɗan ne daga cikin kamfanonin da rahoton ya ambata suka ɗanɗani hukunci. Da aka zo cire tallafin a 2023, babbar hujjar da aka kafa ita ce ana sace shi, aka kuma ɗora kuɗin gyaran a kan mai sayen lita biyu.

Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi ga wanda yake cika awo idan zai karɓa, ya tauye idan zai bayar, kuma muhawararmu ta yi kama da ɗan kasuwar da yake ajiye tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. Ba mu kaɗai muke da wannan ciwo ba. A Amurka, Shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a 1996 a kan dokar da ta taƙaita tallafin kuɗi ga iyalai matalauta zuwa shekara biyar a tsawon rayuwa tare da sharaɗin neman aiki, amma a 2008 majalisar ƙasar ta amince da dala biliyan 700 domin ceto cibiyoyin kuɗi cikin 'yan makonni.

Inda maganar nauyin kai da alhakin kamfani suka fi cakuɗewa a wurinmu shi ne shaye-shaye. Idan aka ga matashi ko matar aure da kwalbar maganin tari mai kodin, abin da ake fara cewa shi ne tarbiyya ta lalace, iyaye sun yi sakaci, kuma akwai gaskiya a ciki, domin babu wanda aka ɗura wa da ƙarfi. Amma kowace kwalba tana da masana'antar da ta fito, da lambar rajista, da dillalin da ya loda ta a mota. A 2017 an gabatar wa Majalisar Dattawa ƙiyasin cewa ana shan kwalba miliyan uku a kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Ko da a ce ƙiyasin ya yi yawa, kamfanin da yake ganin odar wani yanki ta zarce duk tarin da mutanensa za su iya yi ya san inda kayansa suke tafiya. Sai da binciken BBC na Afrilun 2018 ya nuna ma'aikatan kamfanoni suna sayar da shi ta bayan fage sannan gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da shi, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta rufe kamfanoni uku, ta sake buɗe su ba da daɗewa ba. Matashin da aka kama da kwalba biyu yana da zaɓi a kan bakinsa kawai, mai masana'anta kuwa yana da zaɓi a kan miliyoyin kwalabe, kuma ba daidai ba ne na farko ya fi na biyu jin zafin doka.

Illar sakacin kamfani ba ta tsayawa a kan waɗanda abin ya shafa kai tsaye. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano. 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuma ya dage cewa cutar ce ta kashe su. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara goma sha biyar bayan faruwar abin. A tsakanin nan aka yi ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003, wadda labarin Trovan yana cikin abubuwan da suka rura ta, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe, kuma Nijeriya ba ta sami shaidar rabuwa da ita ba sai a 2020. Shekara da shekaru ana kiran iyayen da suka rufe ƙofa ga masu allura jahilai, ba a cika tuna wanda ya fara zubar da amanar ba.

Akwai alamun cewa hukuma tana iya taɓa manya idan ta so. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar kamfanin taba na British American Tobacco dala miliyan 110 a ƙarshen 2023, ta kuma yanke wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, majalisa kuma ta sanya harajin kashi 70 cikin 100 a kan ribar da bankuna suka samu daga faɗuwar naira. Amma a harkar wutar lantarki, wadda aka sayar wa 'yan kasuwa da rarraba ta a Nuwamban 2013, har yau miliyoyin gidaje ba su da mita, ana kawo musu takardar kuɗi ta ƙiyasi, unguwanni kuma suna yin karo-karo su gyara taransifomar da ba tasu ba ce. Satar wuta laifi ne, kuma ana yin ta; cajin mutum kuɗin wutar da bai sha ba shi ma haka.

Bai kamata wannan ya zama ƙiyayya ga duk mai jari ba, domin jihar da masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina da masaƙar Funtuwa suka taɓa ɗaukar ma'aikata masu yawa ta san abin da ake rasawa idan injuna suka yi shiru. Mai masana'anta a nan yana fama da tsadar gas, da kayan fasa-ƙwauri, da haraji iri-iri, da kuɗin ruwan da ya biyo bayan ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki zuwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Haka kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: idan farashi ya tashi, mai shagon unguwa da ɗan kasuwar hatsi na Ɗandume ko Mai'aduwa ake fara tsinewa, kamar yadda aka rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau ta Kano a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci. Ɓoye kaya domin a ƙuntata wa jama'a haramun ne, amma sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara sana'a ce da gari ba ya rayuwa sai da ita, kuma tana da kasada, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da farashin hatsi ya faɗi bayan an sassauta shigo da abinci daga waje, masu ajiya suka tafka asara, manoma kuma suka rasa yadda za su mayar da kuɗin taki. Bambancin da ya kamata a riƙa yi shi ne tsakanin wanda yake samun riba ta hanyar gasa da wanda yake samunta ta hanyar lasisi ko rangwamen haraji ko kusanci da ofis, domin na biyun da dukiyar jama'a yake ciniki, saboda haka jama'a suna da ikon ganin littafinsa.

A matakin jiha ne wannan magana za ta fi saurin zama aiki. Kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin mai, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta kafa hukumar zakka da waƙafi da ta Hisba. Zakka tana da abin da shirye-shiryen Abuja suka rasa, wato nisabi sananne, da adadi sananne, da rukunin masu karɓa guda takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade, ta yadda mai bayarwa ba shi da ikon yin gori. Hisba kuwa a tarihin Musulunci aikin kasuwa yana cikin manyan ayyukanta, wato duba ma'auni da sikeli da algus, saboda haka gurɓataccen taki da jabun maganin feshi da famfon gidan man da yake tauye lita suna cikin hurumin da ya kamata ta waiwaya tare da hukumomin da doka ta ɗora wa wannan aiki. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma babu abin da zai hana a manna jerin sunayen waɗanda suka karɓi tallafi a kowace mazaɓa, tare da sharaɗin da aka bi wajen zaɓensu da ranar da za a sake biya, a gefensa kuma a manna sunan kamfanin da aka ba kwangilar kawo hatsin, da adadin buhunan, da farashin kowane buhu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta ba ofishin da aka tambaya kwana bakwai ya amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi kamar yadda ta hau kan ta tarayya.